Ranar da Na'urata Ta Ce An Yi Ruwa a Tirmini

Na daɗe ina koyar da lissafi a wani kolej, wato makarantar sakandare, da ke unguwar Zango a Damagaram kafin in koma jami'a yin digiri na biyu a fannin ilimin na'ura. Ina da aure a lokacin, da ƴaƴa biyu. Maigidana tela ne, shagonsa na cikin Birni, kuma shi ne ya matsa mini in koma karatu, don ya ga na fara dawowa gida ba na iya ko amsa gaisuwa saboda gajiya da alli da hayaniyar yara.

Shekarar farko darussa ne zalla, ban sha wuya ba. A ta biyu aka ce kowa ya ɗauki batun bincike ya rubuta mamwar, wato kundin da ɗalibi ke karewa a gaban malamai kafin a ba shi digiri. Ni ban zaɓi nawa ba, zaɓa mini aka yi. Sunansa dogo ne da faransanci, ya cika layi uku. Abin da yake nufi a taƙaice shi ne yadda za a gina rumbun bayanai da zai riƙa karɓar saƙonni nan take, ya tsara su nan take, ya ba da amsa nan take, kuma ko saƙonnin sun yi yawan da ba a zata ba, kada ya durƙushe.

Malamai biyu aka haɗa ni da su. Ɗaya nan Damagaram yake, bironsa, wato ofishinsa, na ƙarshen dogon gini, mutum ne mai son ya ga abu yana aiki da idonsa. Shi ne ya ƙulla magana da wasu masu taimaka wa manoma, waɗanda suka kafa ma'aunin ruwan sama a wasu ƙauyukan Tirmini da Dakusa da Garagumsa. A kowane ƙauye an sami mutum ɗaya, yawanci malamin lakwal, wato makarantar boko, an ba shi wayar salula. In an yi ruwa sai ya duba ma'aunin, ya rubuta adadin, ya aiko. Aikina in karɓa, in adana, in nuna a kan taswira.

Ɗayan malamin ɗan ƙasa ne, amma a Turai yake koyarwa. Ban taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba. Ta allon ordinatar, wato kwamfuta, kaɗai nake ganinsa, kuma da zarar rezo, wato layin sadarwa, ya yi rauni sai fuskarsa ta daskare, baki a buɗe, ni kuma in zauna ina jiran sauran maganar. Shi ba ruwansa da ruwan sama. Abin da ya dame shi shi ne saƙo nawa na'urata za ta iya haɗiyewa kafin ƙiftawar ido.

Tun ganawarmu ta farko na rikice. Na ce masa ƙauyukan nan ba su da yawa, damina kuma ƴan watanni ce, wani makon ma ba a samun ko yayyafi. A ina zan samo dubban saƙonnin da yake magana? Ya yi dariya ya ce in ƙirƙire su. In rubuta wani ƙaramin shiri da zai riƙa kwaikwayon ƙauyuka, kowanne yana aiko da ruwansa ba tsayawa, sai in ga inda rumbun zai gaza. Na kai maganar wajen malamina na nan, ina zaton zai ce wasa ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi abin da aka ce, amma kada in manta ƙauyukan gaskiya su ne aikin.

Haka na ci bazarar shekarar ina ƙera ƙauyukan da babu su. Ba su da suna, lamba kawai na ba su. A waje ana zafin da ko kan duwatsun Birni ba a iya taɓawa, mata na layi da jarkoki a bakin famfo, ni kuwa ina cikin ɗakin na'urori ina kallon ruwa yana zuba a ƙauyuka dubbai. In an ɗauke wuta komai ya mutu, in an dawo da ita in sake daga farko. Na koyi raba bayanai tsakanin na'urori uku don kada nauyi ya taru a kan ɗaya, na koyi yadda ake jera saƙonni a layi su jira juna. Kowane mako nakan aika wa na Turai zanen sakamako, layi ya hau sama ya karye, shi kuma ya ce in matsar da inda yake karyewa gaba.

Inna, mahaifiyata, takan zo mana yini ran Juma'a. Wata rana ta tambaye ni abin da nake yi a makarantar da ya hana ni zuwa sunan ƴar ƙanwata. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko mutanen ƙauyukan nan sun san ana lissafa musu ruwa. Na ce wasu sun sani, wasu kuma babu su ma a duniya. Ta dube ni, ta dubi maigidana, ta koma kan tsinkar zogalenta. Ban ji haushi ba, don ni ma da na ji maganar ta fito daga bakina sai na rasa inda ta dosa.

Da damina ta kama, saƙonnin gaskiya suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Na ware musu wurinsu daban, nesa da na ƙarya. Ranar da na ga na farko, daga wani ƙauyen Dakusa, na yi murna kamar an yi mini kyauta. Ɗigon ƙauyen ya sauya daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi a kan taswira, na kira malamina ya zo ya gani. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce zai gayyato mutanen da suka kafa ma'aunan su ga abin da aka yi da aikinsu.

Sun zo wata safiya, su biyar ko shida, cikin manyan riguna. Aka kunna fanka, aka haska taswirar a bango. Malam yana tsaye yana bayani, yana cewa da zarar ruwa ya sauka a ƙauye za a gani daga nan, ba sai an jira ƙarshen wata ba. Bai rufe baki ba sai ɗigon wani ƙauyen Tirmini ya yi shuɗi. Sai na kusa da shi. Sai biyu a Garagumsa. Lambobin suka riƙa hawa a gaban idonmu, har na ƙauyen farko ya kai adadin da in da gaske ne, da gidajen ƙasa sun zube. Baƙin suka fara jinjina kai, ɗaya ma ya tafa.

Ni kuwa taga nake kallo. Sama fes take, babu ko gajimare. Tirmini ba nisa gare ta ba, in ana irin wannan ruwa a can, da an ga hadarin daga inda muke. Wani daga cikin baƙin ɗan can ne. Ya fito da salularsa ya kira ƙanensa, ya buɗe murya kowa na ji. Ƙanen ya ce rana ce tsaka, suna ma roƙon Allah ya kawo ruwa, don shukar ta fara laushi.

Baƙin suka juyo suna kallonmu. Malam ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko ƙauyukan ƙaryata ne suka tsallako. Nan take na duba. Ba su ba ne. Kowane saƙo daga salular gaskiya ya fito, lambar da na sani, ta mutumin da na sani. Na faɗa masa haka. Ya juya ya ce wa baƙin gwaji ne, ana kan gyara, ya ja su zuwa bironsa shan ruwa. Suka bar ni da taswira shuɗiya da rana a taga.

Washegari Yayana ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Mun bi titin yamma har Tirmini, sannan muka sauka muka bi hanyar rairayi zuwa ƙauyen da ya fi kowanne ruwa a na'urata. Gero ya tsiro ya kai tsawon tafin hannu, alamar an yi ruwa a baya, amma ƙasar sama ta bushe tana tashi a ƙarƙashin taya. Mai riƙe da salular shugabar lakwal ɗin ƙauyen ce, mace mai yawan fara'a da kowa ke kira Madam, da tsohon ciki. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar aji, ta sa aka kawo fura.

Ta ce ita duk ranar da aka yi ruwa tana dubawa tana aikawa, ba ta taɓa fashi ba. Sai dai rezo ba ya sauka cikin gari, sai an hau wani tudu a bayan masallaci. Da can takan hau, amma tun da cikin ya yi nauyi ta daina. Salular takan ce mata an ajiye saƙo, ita kuma ta ɗauka ya tafi ke nan. Jiya aka kira shugabannin lakwal taro a Damagaram kan rufe shekara, ita da wasu daga Garagumsa duk suka shigo gari da safe. Nan na gane. Salulolin sun sami rezo a lokaci ɗaya, suka amayar da duk abin da suka tara na makonni, rumbuna kuwa ya rubuta wa kowane saƙo lokacin da ya iso, ya tara su a matsayin ruwan safiya ɗaya.

Hankalina ya ɗan kwanta, don na tuna salular ma tana manna wa kowane saƙo lokacin da aka rubuta shi. Ashe gyaran mai sauƙi ne, in daina duba lokacin isowa, in duba na rubutawa. Na karɓi salular na buɗe. Kwanan watan da ke kanta na wata shekara ce da ta wuce tun kafin in yi aure. Madam ta ce ai batir ɗin ake cirewa a kai wa mai caji a kasuwa, duk sanda aka mayar sai agogon ya koma farko, ita kuma ba ta damu ba tunda tana da na hannu. Saƙonnin nata duka sun nuna an yi ruwan a watan sanyi na wata tsohuwar shekara, wasu ma a rana ɗaya.

Na tambaye ta ko ta rubuta a wani wuri. Ta ce a'a, ai da aka kawo salular cewa aka yi ta maye takarda. Sai na ce to ta tuna mini, babban ruwan nan yaushe aka yi shi. Ta ce Talata. Mijinta, da ya zo gaishe mu daga gona, ya ce ba Talata ba ce, washegarin kasuwa ne, don ya tuna jakinsa ya maƙale a laka yana dawowa. Ta ce wannan ai ruwa na biyu ne. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce duk sun manta, ranar da aka yi jana'izar wata tsohuwa ne, aka kuma shiga gardamar ranar jana'izar. Yayana ya sa baki yana cewa a gari dai ran Laraba aka yi iska. Aka yi ta yi cikin raha, kowa da hujjarsa, har fura ta ƙare. Na tashi da ranaku huɗu na ruwa ɗaya.

A hanyar dawowa Yaya ya tambaye ni ko na sami abin da na zo nema. Na ce ban sani ba. Ya ce to ko mu koma? Na ce a'a, komawa ba za ta ƙara komai ba.

Na ba malamai biyun labari a mako guda. Na nan ya ce wannan ba bincike ba ne, matsalar rezo ce da sakacin agogo. A gyara wa kowa kwanan wata, a ce su riƙa hawa tudu, a wuce wurin. Na Turai kuwa, da na gaya masa, sai ya gyara zama ya matso da fuskarsa har ta cika allo.

"Madam, kin san abin da kika taka kuwa?" in ji shi. "Wannan shi ne binciken. Ki bar komai ki bi shi."

Ya turo mini maƙaloli tuli. Na yi mamakin ganin manyan masana sun daɗe suna fama da abu ɗaya da ni: lokacin da abu ya faru daban, lokacin da labarinsa ya iso daban, kuma dole na'ura ta yanke shawarar tsawon jiran da za ta yi wa masu latti kafin ta rufe lissafi. Sai dai su lattinsu na ƙiftawar ido ne. Nawa na makonni ne, wani lokacin ma sai mace ta haihu.

Nan na shiga watannin da ban taɓa rikicewa irinsu ba. In na sa rumbun ya jira duk saƙonni su iso kafin ya ce ga ruwan da aka yi ran Litinin, to ba nan take ba ne, kuma sunan batuna ya zama ƙarya. In na sa ya faɗa nan take, zai faɗi abin da ba daidai ba. Wani abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shiru. Ƙauye bai aiko komai ba, shin ba a yi ruwa ba ne, ko an yi saƙon na cikin aljihun wani yana jiran tudu? A idon na'ura duk ɗaya ne. Nakan tsaya a kan tukunya ina juya miya ina wannan tunani har ta kama. Maigidana ya ce na fara magana ni kaɗai, yara kuma suka koyi cewa "ya makara" ga duk abin da ya ɓace a gidan.

Daga ƙarshe na gina abin da na iya. Rumbun yana ba da amsa nan take, amma da alama a gefenta mai nuna cewa za ta iya sauyawa. In saƙo ya iso a makare, sai ya koma baya ya gyara ranar da abin ya shafa, ya kuma ajiye tsohuwar amsar don a san me aka faɗa da farko. Na sa salulolin su riƙa ƙirga tsawon zaman da saƙo ya yi a cikinsu, maimakon dogaro da agogonsu, duk da cewa cire batir na iya ɓata wannan ma. Ƙauyen da ya yi shiru kuwa na ba shi launin toka, ba bushe ba, ba jiƙe ba. Yawancin ranaku rabin taswirar toka ce.

Malamina na nan bai so ba. Ya ce ma'aikacin gona lamba ɗaya yake so, ba lambar da za ta sauya jibi ba, kuma wa zai kalli taswirar da rabinta ke cewa ban sani ba? Na Turai ya so, ya ce in ci gaba.

Sai kuma suka yi musaya, ban san lokacin da abin ya faru ba. Na nan ya je wani taro a Yamai ya ba da labarin salular Madam, mutane suka yi ta tambayoyi, ya dawo yana cewa babin Tirmini shi ne zuciyar mamwar, in faɗaɗa shi, in rage surutun ƙauyukan ƙarya. A makon nan na Turai ya karanta abin da na rubuta ya ce tunanin yana da kyau, amma saƙonnin gaskiyar sun yi kaɗan, ba wanda zai yarda da sakamako a kansu. In koya wa ƙauyukan ƙaryata yin latti, in gwada da su, labarin Tirmini kuma in tura shi can baya. Na tuna wa kowannensu abin da ya ce da farko. Na nan ya ce bai tuna ya faɗi haka ba. Na Turai ya fara ba ni amsa, rezo ya yanke, da ya dawo ya riga ya shiga wata magana.

Na yi duka biyun. Na koya wa ƙauyukan da babu su yin latti, har da masu cire batir, na kuma faɗaɗa babin Tirmini. Mamwar ɗin ya yi kauri, yana kama da littattafai biyu da aka ɗinke a bango ɗaya.

Ranar sutanans, wato ranar karewa, dangi suka cika ɗakin kamar yadda aka saba. Inna ta zauna a gaba cikin sabon zane, ƙannena suka zo da kuloli na abinci suka ajiye a baranda. Na Turai yana kan allo a ƙarshen teburin juri, wato malaman da za su yanke hukunci. Na yi bayanina, muryata ta tsaya fiye da yadda na zata. Aka yi tambayoyi kan raba nauyi tsakanin na'urori, na amsa ba gargada. Sai shugaban juri, wani dattijon malamin lissafi, ya cire tabarau ya ce tambaya ɗaya gare shi.

"Madam, sunan aikinki ya ce nan take. Shin nan take ne, ko ba nan take ba ne?"

Na ce masa rumbun yana faɗin abin da ya sani nan take, amma abin da ya sani ba lallai na yanzu ba ne. Ya ce to wannan e ce ko a'a? Na ce wallahi ni ma na daɗe ina tambayar kaina. Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba, ya rubuta wani abu. Malamina na nan ya karɓi magana ya kare ni da cewa e ce. Na Turai ya karɓa ya kare ni da cewa a'a ce, kuma a nan darajar aikin take. Shugaban ya dubi wannan, ya dubi allo, ya ce a fita za su yi shawara.

Sun ba ni sakamako mai kyau, har da yabo. Mata suka yi guɗa a baranda, aka ci abinci, aka ɗauki hotuna da rigar da maigidana ya ɗinka mini. Inna ta riƙe hannuna ta ce ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga dattijon nan ya so ya ƙure ni bai iya ba. Ban gyara mata ba, don ban tabbata ba haka aka yi ba.

Bayan damina ta gaba masu ma'aunan suka ƙare aikinsu suka tattara salulolin. An mayar da na'urorin uku ɗakin koyar da ƴan shekarar farko. Ni kuma aka ɗauke ni ina taimakawa da darussan rumbun bayanai, rabin mako a jami'a, rabi a kolej. Madam ta Tirmini kuwa tun tuni ta haifi mace, na je barka, daga baya aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wajen Dakusa.

Kwanakin baya na Turai ya turo mini wata maƙala da ya fitar daga aikin, da sunana a sama kusa da nasa. Ya ƙara lissafi mai zurfi da ban taɓa gani ba, zanen ƙauyukan ƙarya ya cika shafuka, Tirmini kuma ta sami sakin layi ɗaya a gabatarwa. Na karanta ta sau da yawa, rabi nake fahimta. Da malamina na nan ya gani sai ya buga ta ya manna a ƙofar bironsa, ya ce in shirya in yi wa sababbin ɗalibai bayaninta, tunda ni ce mai ita. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Na rubuta wa na Turai tambayoyi kan shafi na huɗu da na biyar, ya amsa biyu daga ciki, ya ce sauran sai mun yi magana baki da baki in rezo ya yi kyau.